Lilon Chindo Ba Ya Komawa Baya

Duk wanda ya ce muku Chindo bai iya walda ba, ƙarya ya yi masa. Ya iya. Abin da bai iya ba shi ne rufe baki. Ni maƙwabcinsa ne a Tungar Kyauta, ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Dogarawa da Malbaza, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, kuma ni ne wanzaminsa, don haka babu wanda ya sha cika bakinsa kamar ni. Mutumin da za ka ɗora wa aska a maƙogwaro amma bai fasa ba ka labarin kansa ba, ai sai dai ka yi haƙuri.

Ya taɓa aiki a kamfanin siminti na Malbaza. Shara yake yi, yana kai wa injiniyoyi shayi. Da ya dawo gida ya kafa rumfar walda a bakin gudron, wato titin kwalta, sai magana ta koma "mu injiniyoyi". Yatsa shida gare shi a hannun dama, ya ce Allah ya ƙara masa na shidan ne don awo, shi ya sa ba ya buƙatar abin gwaji na Nasara, taƙinsa ya ishe shi. Abin da ya dawo da shi daga Malbaza bai wuce wata tsohuwar kalanda ba, mai hoton wata ƙatuwar taya ta ƙarfe tsaye a wani birnin Turai, mutane na zaune cikin 'yan akwatuna tana juyawa da su sama. Tun ranar da ya manna hoton nan a rumfarsa muka rasa zaman lafiya.

A zamanin samariya ne, ƙungiyar nan ta samarin gari masu aikin gayya, azumi ya faɗo cikin bazara. Chindo ya ɗauki kalandarsa ya tafi zauren Maigari Abarshi. Maigari tsoho ne siriri, ba ya da mugunta, amma ba ya son ya ji an ce wani gari ya fi nasa da wani abu. A shekarar an kafa wa wani ƙauye kusa da mu famfo, abin yana cinsa a rai. Chindo ya durƙusa ya ce zai ƙera wa Tungar Kyauta lilon sama wanda babu irinsa daga Tawa har Yamai. Wanda ya hau zai hangi Konni, in gari ya yi garau har Sakkwato. Maigari ya dubi hoton ya juya shi, ya sake juya shi, sannan ya yi alkawari a gaban jama'a: in lilon ya ɗauke shi ran Salla, ya zagaya da shi sau ɗaya, ya ajiye shi inda ya ɗauke shi, to a wurin zai naɗa Chindo Sarkin Aiki. Washegari ya aika Konni a sayo rawani.

Gaskiya Chindo yana son rawanin nan kamar ransa. Ubansa baƙo ne a garin, kuma duk surutunsa, in ya shiga zauren Maigari a bakin ƙofa yake zama, wajen takalma. Rawani ne kawai zai matsar da shi kan tabarma, shi ma ya sani.

Ya fara tara ƙarafa. Ya samo shasin wata matacciyar motar siminti ya yanka shi ya yi ƙafafu. Sandar da ke riƙe tayoyinta na baya ita ce ta zama cibiya. Ya jawo tsofaffin bututun ruwa ya yi wayoyin taya irin na keke, ya tsaga duro huɗu gida biyu-biyu, mazauni takwas ke nan. Don kada injiniyoyin Malbaza su sace masa fasaha, in ji shi, a tsakar gidansa ya haɗa abin a kwance, ya hana kowa leƙe. Matarsa Tsahara ta yi rabin azumi tana tsallake ƙarfe da tukunyar kunu a hannu.

Ranar da ya gama sai aka ga ƙofar zaurensa ko jaki da mangala da ƙyar yake wucewa. Ya auna tayar da taƙinsa, ya auna ƙofar, ya ce laifin magini ne. Da la'asar ina yi wa wani ƙaho sai na ji rugugi. Na ruga gida na tarar babu katangar da ke tsakaninmu, babu kuma ta bayan gidana mai kallon fili, matata na tsaye da muciya, samari suna jan taya ta kan shanyar barkononta. Na yi masa tas. Ya bari na gaji, sannan ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankali, ran Salla ina cikin waɗanda za su fara hawa tare da Maigari. Ni kuwa, Allah ya isa tsakanina da kwaɗayi, sai na ji fushin ya sauka.

Tayar da abin tsaye ya ci samariya da shanun noma na rabin gari. Ramin ƙafafun kuwa Chindo ya ce ba sai ya yi zurfi ba, nauyin lilon ne zai riƙe lilon. Ya kwaɓa siminti kaɗan da yashi mai yawa ya zuba. Da abin ya miƙe, ya fi kukar bakin kasuwa tsawo, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Direbobin manyan motoci suna rage gudu suna leƙowa.

Tsahara ta zo kallo ta tambaye shi ina birkin. Ya ce birki na wanda ba ya da tabbas da aikinsa ne. Ya nuna mata wani faifan ƙarfe mai haƙora a jikin cibiya, da wani harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ƙas-ƙas in tayar na tafiya. Ya raɗa masa suna Jandarma, kamar masu tsaron shingen hanya, domin yana barin ka wuce gaba amma ba ya barin ka koma. Ya liƙe shi da walda ta ko'ina don kada yara su taɓa.

"Aikin Chindo ba shi komawa baya," in ji shi.

Tsahara ta ce Allah ya sa haka ne alheri, ta koma gida.

Ya gwada shi da buhunan yashi, ɗaya a kowane duro. Samari suka ja igiya, tayar ta juya sumul kamar an shafa mata mai. Chindo ya kwana biyu ba ya amsa sallamar talaka. Abin da bai lura ba shi ne buhunan nauyinsu ɗaya, kuma babu mai sarauta a cikinsu.

Ran Salla bayan an sauko daga Idi, ba mutanenmu kaɗai ba, har daga Dogarawa da Malbaza an zo. Makaɗa sun zo. Chindo ya sa hular kwano ta ma'aikatan kamfani a kan sabuwar shaddarsa, yana kai da kawo yana ba da umarnin da babu mai buƙata. Inusa, bafaden Maigari, yana rungume da sabon rawani fari fat a cikin takarda, kuma duk inda ya gifta idon Chindo na biye da shi.

Babu gardama kan wanda zai fara shiga. Maigari ya tattare babbar riga ya shiga duron ƙasa, aka shimfiɗa masa buzu saboda ƙarfen ya riga ya ɗauki rana. Aka ja, ya ɗaga, duro na biyu ya sauko. Alhaji Mas'udu dillalin albasa ya shiga, mutumin da in ya zauna gaban mota sai ya biya wurin mutum biyu. Aka ja. Duro na uku Gimbiya ta ce nata ne, ita ce shugabar matan gari, mai tuwon tasha, kuma ko Alhaji Mas'udu ba ya nuna mata jiki. Chindo ya so ya ce wani abu, ta dube shi, ya haɗiye. Aka ja da ƙyar. Na huɗu ni ne. Na shiga ina ɗaga wa matata hannu, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Yanzu duk nauyin yana gefe ɗaya, ɗaya gefen duro ne fanko. Samari suka ja igiya ta ƙi. Aka ƙaro majiya ƙarfi, makaɗa suka zuga su, tayar ta yi ƙara ta motsa, Jandarma na ƙas-ƙas, har Maigari ya kai can ƙololuwa. Alhaji na bin sa a ƙasa kaɗan, Gimbiya a tsakiya, ni a ƙasanta, tsayin soro biyu daga ƙasa. Jama'a suka ɗauki tafi da guɗa. Chindo ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara murya.

"Ranka shi daɗe, ka hangi Konni?"

Ya matso gindin lilon. Ya sake tambaya. Sai wata siririyar murya ta sauko daga sama.

"Kabarinka nika hange, Chindo. Sauke ni."

Ashe tun da ya wuce tsayin zaure ya rufe ido, bai sake buɗewa ba. Chindo ya juya ya gaya wa jama'a Maigari ya ce ya ga har hasumiyar masallacin Konni. Ya ce wa samari su ja.

Nan ne Inusa ya faɗa kan igiyar ya riƙe. Ya ɗaga kai ya dubi tayar, ya bi ta da yatsa, ya gane abin da babu wanda ya gane a cikinmu. In Maigari ya gangara ta ɗaya gefen, mu ne za mu hau sama. Alhaji Mas'udu zai bi ta kan rawanin Maigari, Gimbiya za ta bi, ni wanzami ma zan bi, da takalmanmu. Ya ce tun da aka kafa Tungar Kyauta ba a taɓa zama sama da Maigari ba. Ko a kan doki ka gamu da shi sauka kake, ko keke ne sai ka tura. Yau kuma a gaban baƙi mace za ta shimfiɗa ƙafa a kan rawaninsa? Ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa.

Dattawa suka ce Inusa ya yi gaskiya. Aka ce to a mayar da lilon baya, Maigari ya sauko ta inda ya hau, mu mu riga shi sauka ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce wannan ita ce magana. Aka juya ana neman Chindo, aka same shi yana gyara hular kwano. Ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ake yi a Turai, ƙarshensa dai shi ne ba ya komawa. Aka ce a cire Jandarma. Ya ce ya liƙe shi, kuma nauyin Alhaji da na Gimbiya duk a kansa yake, wanda ya doke shi zai kwashe mu a buhu.

Aka zauna shawara a inuwa, mu muna sama muna gasuwa. Rana ta take. Duro ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, ni da ba a ba ni buzu ba sai canza mazauni nake daga dama zuwa hagu. Wani ya kawo tsani, bai kai ko duron Gimbiya ba, ita kuma ta ce ko ya kai ba za ta sauko a kan tsani maza na tsaye a ƙasa ba. Alhaji Mas'udu ya yi ta kiran sunan duk waliyyin da ya sani. Ana cikin haka matan unguwar gabas suka fara zagi daga cikin gidaje, domin a garinmu ko dabino za ka hau sai ka yi shela mata su kimtsa, ga mu kuma mun rataye a sama muna kallon tsakar gidan kowa babu sallama. Wata ta jefo mana ɓawon goruba, ni ya samu.

Da ƙyar dattawa suka samo mafita. Mu ukun za mu cire takalma mu jefo ƙasa, maza su cire hula, mu durƙusa a cikin duro, kuma lokacin da muke bi ta kan Maigari mu riƙa gaisuwa, don a san ba da raini muka hau ba. Inusa ya ce bai so ba amma ya yarda. Takalma suka zubo. Na Gimbiya ya sami makaɗi a ka. Inusa ya shimfiɗa darduma daidai inda duro ke tsayawa, ya durƙusa yana jiran ubangidansa. Chindo ya dawo da muryarsa, ya ce a Turai ma haka ake yi in sarki ya hau.

Aka ja. Maigari ya gangara, Alhaji ya hau ƙololuwa yana "ranka shi daɗe". Aka ƙara ja, Gimbiya ta nufi sama. Tana wuce ƙololuwa sai nauyin gaba ɗaya ya koma ɗaya gefen, lilon ya ƙwace igiya daga hannun samari, suka zube a kan juna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ga sama, na ga hayaƙin Malbaza a karkace. Ina durƙushe ina ihun "ranka shi daɗe" ban san ko wa nake gaisarwa ba. Maigari ya iso ƙasa daidai dardumar, Inusa ya miƙa hannu, Maigari ya wuce shi kamar motar Konni da ta cika. Alhaji ya wuce, Gimbiya ta wuce tana salati. Nauyinsu ya tura tayar ta haura ɗaya gefen, ta yi ta hawa tana rage gudu, ta tsaya, ta so ta dawo. Jandarma ya ce ƙas. Da na buɗe ido, Maigari na can sama kusa da inda ya baro, mu muna jere a ƙasansa yadda muke tun farko, sai dai babu takalma.

Chindo ya daka tsalle ya ce jama'a su shaida, an zagaya sau ɗaya har da gyara. Wani dattijo ya tuna masa alkawarin har da ajiyewa. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, a sake ja. Kafin a kama igiya sai muka ji wani nishi daga ƙasa. Simintin ƙafar yamma ya dare, ƙafar ta nutse, tayar ta karkata ta jingina da ƙarfen da ke riƙe ta, ta cije. Aka ja, aka ɗauro shanu aka ja, ko gezau. Yanzu babu gaba, babu baya.

La'asar ta kawo jiki. Maigari ya daina magana, hannunsa kawai muke gani ya ƙanƙame bakin duro. Wasa ya ƙare, kowa ya tsorata, domin tsohon nan wata guda ya yi yana azumi kuma tun safe ko ruwa bai sha ba. Aka ce dole wani ya hau ya sauko da shi. Samari suka dubi ƙasa. Dattawa suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Chindo ya ce shi injiniya ne, aikinsa tsarawa, hawa na lebura ne. Tsahara ce ta fito daga cikin mata ta cire masa hular kwano ta ce, "Malam, hau."

Ya hau. Ya bi ta bututu yana rarrafe, ya wuce ni, ya wuce Gimbiya ta ce masa in sun sauka za su gana. Inusa na ƙasa yana yi masa tsawa kada kansa ya wuce na Maigari. Da ya isa, Maigari ya ƙi buɗe ido, ya ƙi sakin duro, ya ce ƙafarsa ba za ta taka bututu ba. Babu yadda za a yi sai goyo. Igiyar jan lilon ta yi kauri, ta rijiya ta yi kaushi ga jikin tsoho. Inusa ya dubi takardar da ke hammatarsa, ya yi ajiyar zuciya, ya kwance ta. Aka ɗaure rawanin a gora aka miƙo mini, na miƙa wa Gimbiya, ta jefa wa Alhaji, ya miƙa sama.

Haka Chindo ya juya baya, Maigari Abarshi ya lallaɓo ya kwanta a kai, aka zagaya farin rawanin nan ta ƙarƙashin mazaunin Maigari, Chindo ya ɗaure shi a ƙirji ya ƙulle yadda mata ke yi. Suka fara saukowa a hankali, ƙafafun Maigari na reto, babbar riga ta tattare. Da suka zo daidai ni na ji Maigari na yi masa magana a kunne ƙasa-ƙasa, ba zan maimaita ba don akwai sunan mahaifiyar Chindo a ciki. Babu wanda ya yi dariya sai da ƙafar Chindo ta taɓa ƙasa. Wata tsohuwa daga Dogarawa ce ta fara, ta rangaɗa guɗa ta ce Allah ya raya. Daga nan filin ya kece, har makaɗa suka kasa riƙe gangunansu.

Aka zare Maigari ta ƙasa, aka ba shi ruwa, aka gyara masa rawaninsa. Mu ma aka sauko da mu da tsani da igiya, Gimbiya sai da aka kori maza daga filin tukuna. Ni na tsaya a gefe ina neman takalmina ɗaya, sai na ga Chindo ya matsa gaban Maigari ya durƙusa, farin ƙyallen na nan ɗaure a ƙirjinsa, ya yi baƙi da tsatsa da gumi. Wallahi na ɗauka gafara zai nema. Sai ya ce, ranka shi daɗe, in an duba da kyau, an zagaya, kuma ga shi an ajiye ka inda aka ɗauke ka.

Maigari ya dube shi. Ya ce shi ba ya saɓa alkawari.

"Rawani naka ne, Chindo. Ga shi nan an naɗa maka. Inda anka naɗa shi, nan za ka riƙa sa shi duk randa za ka shigo zaurena."

Chindo bai sake shiga zauren ba, ko wajen takalman. A rumfarsa dai har ya tsufa yana gaya wa direbobi cewa a duk jihar Tawa shi kaɗai ne aka naɗa da Maigari a cikin rawanin. Rawanin kuwa Tsahara ta wanke shi ta raba biyu, da shi ta goyi sauran 'ya'yanta.